Kitasato, Mutumin Japan Da Ya Ware Ƙwayar Tsinkau-tsinkau

A cikin littattafan kiwon lafiya da mu ke karantawa a nan kwaleji sunayen Turawa ne suka cika shafi, su Pasteur na Faransa, da Koch na Jamus, da Lister na Ingila. Mutumin da na ke so in ba ku labarinsa ba Bature ba ne. Mutumin Japan ne, sunansa Kitasato Shibasaburo. Shi ne ya fara ware ƙwayar da ke kawo ciwon tsinkau-tsinkau, ya rene ta ita kaɗai cikin kwalba, har duniya ta san halinta. Ƙwayar nan kuwa tana cikin wasu halittu masu ban mamaki, waɗanda iskar da mu ke shaƙa mu rayu ita ce ajalinsu. Na ga ya kamata mu san labarin nan, gama nan da shekara ɗaya ko biyu kowannenmu zai sami kansa a makarantar wani ƙauye, inda in yaro ya taka ƙusa, malam ne za a fara kai wa ƙara kafin a tuna da asibiti.

An haifi Kitasato ran 29 ga Janairu, 1853, a wani ƙauyen duwatsu cikin lardin da a ke kira Kumamoto yanzu, a kudancin Japan. Ubansa shi ne mai garin. A lokacin nan Japan a rufe ta ke, ba ta yarda Turawa su shigo ba, sai mutanen Holan kaɗai da aka bar su su yi ciniki a bakin teku a Nagasaki. A shekarar da aka haife shi ne jiragen yaƙin Amurka suka zo suka tilasta a buɗe ƙofa. Saboda haka yaron ya tashi a zamanin da ƙasarsa ke gudu don ta cim ma ilmin da ya wuce ta.

Shi dai soja ya so zama. Iyayensa suka ƙi, suka sa shi makarantar likita ta Kumamoto a 1871. Can ya gamu da wani malami mutumin Holan, Mansvelt, wanda ya lura da ƙwazonsa, ya riƙa koya masa har bayan an tashi daga aji, ya kuma nuna masa yadda naman jiki ya ke a ƙarƙashin madubin likita, watau madubin nan mai girmama ƙananan abubuwa. Daga nan zancen soja ya mutu. Mu da mu ke koyon aikin malanta ya kamata mu lura da wannan wuri, don babu wani abu babba da Mansvelt ya yi in ban da ba yaro lokacinsa. Kitasato ya wuce Tokiyo, ya gama karatun likita a 1883, yana da shekara 30. Abokan karatunsa suka tafi shugabancin asibitoci inda albashi ya ke da tsoka, shi kuwa ya shiga ofishin tsabta na gwamnati, domin tun yana ɗalibi ra'ayinsa shi ne babban aikin likita ya hana ciwo zuwa. A ƙarshen 1885 gwamnati ta aike shi Jamus, ya shiga hannun Robert Koch a birnin Balin a farkon 1886.

Kafin in ci gaba sai in yi ɗan bayani kan yadda masana su ke raɗa wa halittu suna, in ba haka ba sauran labarin ba zai fito ba. Tun 1753 wani masani mutumin Suwidin, Linnaeus, ya kafa dokar ba kowane tsiro suna biyu da harshen Latin. Na farko sunan gida ne, wanda dangi duka su ke tarayya a kansa, na biyu kuwa kamar sunan yanka ne. Na kan ga amfanin dokar nan duk ranar da na shiga Kasuwar Muda Lawal a nan Bauci, wajen masu kayan miya. Ga tumatir a kwando, ga gauta, ga dankalin Turawa da a ke saukewa daga motocin Jos, ga kuma dankalin Hausa. In ka tambayi yaro ɗan aji huɗu ya haɗa dangi da dangi, ba shakka zai tara dankali biyun nan wuri ɗaya, tun da sunansu ɗaya, kuma duka a cikin ƙasa su ke yin 'ya'ya. Amma in an dubi furensu da irinsu, sai a tarar dankalin Turawa ɗan'uwan tumatir da gauta ne, gidansu ɗaya, Solanum. Dankalin Hausa baƙo ne a cikinsu, gidansa dabam, Ipomoea. Kama da wane ba ta wane. To, in abin da mu ke ɗauka da hannu mu juya ya na iya ruɗin mu haka, ina ga halittar da sai an girmama ta sau 1,000 kafin a ga ɗigonta?

Masanan farko da siffa suka rarraba ƙwayoyin cuta. Ferdinand Cohn na Jamus a 1872 ya kasa su: masu kama da ɗigo, masu kama da sanda, masu murɗewa. Masu kama da doguwar sanda aka ce da su Bacillus, ma'anar kalmar ƙaramar sanda. A 1884 wani likita mutumin Danmak, Gram, ya ƙara wata hanya irin ta marina: a zuba wa ƙwayoyi rini, sa'an nan a wanke, waɗansu su riƙe rinin, waɗansu su zuba. Tun kafin wannan, a 1861, Pasteur ya ga wani abin da ya girgiza masu ilmi. Yana duban ɗigon ruwa mai tsami a madubi, sai ya lura ƙwayoyin da ke bakin ɗigon, inda iska ke taɓa su, sun daina motsi, na tsakiya kuwa suna ta harkarsu. Ashe akwai masu rai da ba su bukatar iskar oksijin, har ma guba ce gare su. Da can kowa ya ɗauka ba rai sai da iska.

Koch ya kafa ƙa'ida mai tsanani kafin a ce ƙwaya kaza ita ke kawo ciwo kaza. Sai an same ta a jikin masu ciwon, a ware ta ita kaɗai a rene ta, a sa wa lafiyayyar dabba ta kamu da ciwon nan, kana a sake samo ƙwayar a jikin dabbar. Ni a ganina shari'a ce irin ta alƙalin kirki. Ba a kama taron mutane goma a ce ɓarawo yana cikinsu, sa'an nan a yanke hukunci. Sai an fid da shi ɗaya, an kawo shaidu a kansa. Da wannan hanya Koch ya tabbatar da ƙwayar tarin fuka a 1882.

Tsinkau-tsinkau ya gagari ƙa'idar nan. A 1884 wasu likitoci biyu a Italiya, Carle da Rattone, suka ɗebi mugunya daga wanda ciwon ya kashe, suka sa wa zomaye, zomayen suka kamu. A wannan shekara kuma wani saurayi ɗan shekara 22, Arthur Nicolaier, ɗalibi a garin Gottingen, ya ɗebi ƙasar lambu ya sa a ƙarƙashin fatar ɓeraye, su ma suka kamu, ya kuma hangi wata siririyar ƙwaya a cikin miyakunsu. Malaminsa Flugge ya sa mata suna Bacillus tetani a 1886. Kalma ta biyun daga Helenanci ta ke, ma'anarta miƙewa da sandarewa. To, an yi suna, amma ba wanda ya taɓa riƙe mai sunan ita kaɗai. Duk wanda ya yi ƙoƙarin renonta sai ta fito a cakuɗe da waɗansu ƙwayoyi, in kuwa aka raba su sai ta ɓace. Har manyan malamai suka fara cewa ba ta iya rayuwa sai da abokan zama.

Kitasato bai yarda ba. Ya lura in ya soka mugunyar cikin abincin ƙwayoyi mai kauri a doguwar kwalba, waɗansu ƙwayoyin su kan tsiro a sama, amma wadda ya ke nema can ƙasa ta ke taruwa, nesa da iska. Watau tana cikin irin waɗanda Pasteur ya gani. Abokan zaman nan da a ke cewa ba ta rabuwa da su, aikinsu kawai shi ne su shanye iskar wurin, ita kuwa ta sami sakewa. Ya kuma lura da abu na biyu. In zama ya yi wa ƙwayar nan wuya, sai ta dunƙule ranta cikin wani ƙwanso mai tauri a ƙarshen jikinta, ta zama kamar gula ta makaɗi, ko tsinken ashana. Wanda ya taɓa ganin an haƙo gaiwa daga busasshen tabki da rani ya san irin dabarar. Gaiwa ta kan shige laka ta rufe kanta, ta yi kamar ta mutu, har ruwa ya dawo. Ƙwanson ƙwayar nan ya fi na gaiwa juriya nesa, ya kan shekara da shekaru cikin ƙasa, rana ba ta kashe shi, ko tafasa ta ɗan lokaci ba lalle ta kashe shi ba.

Da abubuwan nan biyu ya yi aiki. Ya ɗora cakuɗaɗɗun ƙwayoyin a zafi digiri 80 wajen minti 45 zuwa awa ɗaya. Marasa ƙwanso duk suka mutu. Sa'an nan ya zuba abin da ya rage cikin wani faifan gilas da ya ƙago da kansa, mai kama da kunkuru, ya kore iskar ciki da iskar haidirojin, ya liƙe bakin. Bayan 'yan kwanaki ƙwayar ta tsiro zalla, ba gauraye. Ya sa wa ɓeraye, suka sandare suka mutu kamar yadda mutum ke yi. A 1889 ke nan, yana da shekara 36.

Bari in dawo da ku gida kaɗan, don kada a ɗauka zancen Jamus ne kawai. Ƙwanson nan yana cikin ƙasa ko'ina, ya fi yawa inda akwai kashin dabbobi, gama ya kan bi ta hanjin doki da jaki da saniya da akuya ya fito ba abin da ya same shi. Ku dubi kasuwar da na ambata da safe sa'ad da a ke sauke kaya. Albasa da doya da dankali sun zo da ƙasar gonakin da aka zuba wa taki. 'Yan dako da masu baro suna kai da kawowa, wani da silifa, wani ƙafa ba takalmi. Ga ƙusoshin akwatuna, ga tsinken kwando, ga wuƙar mai rake. Ba laifin kasuwa ba ne, ƙasar filin ƙwallonmu da ta gonar makaranta duk haka su ke. Mutane su kan ce tsatsa ce ke kawo ciwon. Ba tsatsa ba ce. Ƙusa mai tsatsa ta daɗe a ƙasa ne, ta kwashi ƙwanso, in kuma ta shiga tafin ƙafa sai ta yi rami mai zurfi mai ƙaramin baki, bakin ya rufe, iska ba ta shiga. Wannan rami shi ne kwalbar Kitasato. Ƙaya ma tana yin haka, da sartse. Shi ya sa ƙaramin huji da ba ya zub da jini sosai ya kan fi babban yanka haɗari, shi ne kuwa wanda yara su ke ɓoyewa.

Bayan kwana 3 zuwa 21 sai muƙamuƙi ya fara ƙin buɗuwa, wuya ya yi tauri, daga nan jiki duka ya riƙa tsinkewa, baya ya lanƙwashe kamar baka. Ƙara kaɗan ko haske na iya tayar da shi. Mai ciwon kuwa da hankalinsa, yana jin kome. Waɗansu su kan rikita shi da sanƙarau saboda taurin wuya, amma ba ɗaya ba ne. Sanƙarau ya kan zo da zafin bazara, ya bi mutane daga wannan zuwa wancan, ƙwayarsa dabam, maganinsa dabam. Tsinkau-tsinkau ba a ɗaukarsa daga mutum. A nan za ku ga raɗa suna ba wasan malamai ba ne. In an kira ciwo da sunan wani, maganin wani za a ba shi.

A shekarar nan ta 1889 Kitasato ya bi wannan hanya ya ware wata ƙwaya kuma, wadda makiyayanmu sun fi kowa sanin ɓarnarta. Ita ce mai kawo harbin daji, ciwon da ya kan kama maraƙi mai ƙiba, cinya ta kumbura ta yi baƙi, in an danna a ji tana ƙara kamar akwai iska a ciki, kwana ɗaya ko biyu dabba ta faɗi. Wasu likitocin dabbobi na Faransa sun riga sun raɗa mata suna a 1887 don girmama malaminsu Chauveau, shi ya sa har yau a ke ce da ita chauvoei. Allurar rigakafin harbin daji tana cikin waɗanda a ke yi a Vom, inda aka kafa ɗakin binciken dabbobi a 1924.

Sunan gidan ƙwayoyin nan bai tsaya a Bacillus ba. Da aka yi ta samun masu kama da sanda, gidan ya cika har ya zama ba shi da ma'ana, kamar a ce duk mai doguwar riga ɗan gida ɗaya ne. Tun 1880 wani masani mutumin Folan, Prazmowski, ya ƙago sunan Clostridium don wata ƙwaya mai gudun iska, wadda in ta yi ƙwanso cikinta ya kan kumbura. Kalmar daga Helenanci ta ke, ma'anarta mazari, irin wanda kakanninmu mata su ke kaɗi da shi. Daga baya masana suka shirya cewa masu kama da sanda, masu yin ƙwanso, in suna son iska su zauna a Bacillus, in suna gudunta su koma Clostridium. A babban littafin rarrabe ƙwayoyi na Bergey da aka buga a Amurka a 1923, ƙwayar tsinkau-tsinkau ta fito da sunan Clostridium tetani, shi ne sunanta har yau. Watau halin da Kitasato ya tabbatar, gudun iska, shi ya zaɓa mata gida. A zamaninmu kuma an sami hanyar karanta asalin halitta daga cikin ƙwayar kanta, sai aka tarar gidan mazari ma akwai baƙi da yawa a ciki, irin su dankalin Hausa a cikin dangin tumatir. A 2016 aka fitar da wata mai kawo gudawa a asibitoci, aka sake mata gida, ta zama Clostridioides difficile. Ta tsinkau-tsinkau dai tana nan inda aka ajiye ta.

Kitasato bai tsaya nan ba. Abin da ya dame shi shi ne, in ya buɗe ɓeran da ciwon ya kashe, ba ya samun ƙwayar a jini ko a sauran jiki, sai a wurin miki kaɗai. To, yaya abin da ke zaune a ƙafa zai kulle muƙamuƙi? Ya tace ruwan da ya rene ta a ciki da matacin da ƙwaya ba ta iya wucewa, ya sa wa dabba ruwan kaɗai, dabbar ta kamu. Ashe dafi ta ke zubarwa. Yanzu an san dafin nan ya kan bi jijiyoyi ya hau har laka, ya toshe saƙon da ke gaya wa tsoka ta saki, sai tsoka ta ɗaure ta kasa kwancewa. Sai ya fara ba zomaye dafin kaɗan kaɗan, yana ƙarawa, har suka iya jure abin da zai kashe waɗansu. Ya ɗebi ruwan jininsu ya sa wa ɓeraye, ɓerayen ma dafin ya kasa kashe su. Akwai makari ke nan a cikin jinin, kuma ana iya ɗaukarsa daga wannan jiki a kai wancan. Ran 4 ga Disamba, 1890, shi da abokin aikinsa Emil Behring suka buga wannan labari tare, game da tsinkau-tsinkau da mashaƙo. Daga nan aka fara yin makarin da jinin dawaki. Ya ceci sojoji masu yawa a yaƙin 1914 zuwa 1918, inda a ke faɗa cikin ramuka a gonakin Faransa masu taki. Irin makarin nan ne kuma aka nema ido rufe a 2023, sa'ad da mashaƙo ya ɓarke a Kano da Yobe da nan jiharmu.

A 1901 aka fara ba da kyautar Nobel. Ta fannin likita Behring aka ba shi kaɗai. Masu kare hukuncin su kan ce don aikin mashaƙo aka bayar, wanda Behring ya ci gaba da shi. Ni dai da na karanta labarin ban gamsu ba, gama gwaje-gwajen da ke cikin takardar farkon nan galibinsu na tsinkau-tsinkau ne, ba kuwa za su yiwu ba sai da ƙwayar da Kitasato ya ware.

Ya koma gida a 1892, bayan gwamnatin Jamus ta ba shi laƙabin Farfesa, ya kuma ƙi aikin da aka yi masa tayi a Ingila da Amurka. Amma a gida bai sami maraba daga Jami'ar Tokiyo ba, ga dalili. Wani malaminsa, Ogata, ya taɓa shelar cewa ya gano ƙwayar da ke kawo beriberi, ciwon kumburi da mutuwar ƙafafu da ya addabi Japan. Kitasato yana Jamus ya duba aikin, ya rubuta a fili cewa ba daidai ba ne. Gaskiya tana wajensa, don daga baya an tabbata beriberi ba shi da ƙwaya, rashin wani sinadari ne da ke cikin dusar shinkafa, wanda a ke zubarwa in an cashe ta fari fat. Amma a al'adarsu, kamar a tamu, almajiri ba ya ƙaryata malaminsa a gaban jama'a, aka ce ba shi da kunya. Wanda ya tsamo shi wani tsohon malamin makaranta ne, Fukuzawa Yukichi, mai makarantar Keio, wanda ya gina masa ɗakin bincike da taimakon wani attajiri.

A 1894 annobar ɓeraye ta faɗa wa Hongkong, irin wadda ta taɓa Ikko daga 1924. Gwamnatin Japan ta aiki Kitasato. Ya isa cikin watan Yuni, cikin 'yan kwanaki ya ce ya ga ƙwayar, labari ya bazu duniya. Kwana kaɗan bayansa wani almajirin Pasteur, Alexandre Yersin, ya iso shi kaɗai, ba a ba shi wurin kirki ba, ya yi aiki a cikin bukkar ciyawa, shi ma ya ga ƙwayar. Bayanin Yersin ya fito sarai: gajeruwar sanda, ba ta motsi, ba ta riƙe rinin Gram. Bayanin Kitasato kuwa ya yi ta rawa a kan zancen rinin nan. Masana da yawa da suka bi takardunsa daga baya suna ganin lalle ya ga ƙwayar gaskiya da fari, amma wata ta shiga cikin kwalabensa ta gauraya. Abin tausayi ne, mutumin da ya yi suna wajen raba ƙwaya da abokan zamanta, gaggawa ta sa abokan zama suka ruɗe shi. Sunan ƙwayar ya yi ta canzawa, ta zauna gidan Bacillus, ta koma gidan da aka sa wa sunan Pasteur, a ƙarshe aka yi mata gida da sunan Yersin, Yersinia pestis.

Almajiransa suna kiransa da wata kalmar Jamusanci mai ma'anar tsawa, saboda faɗansa. Duk da haka hannunsa ya yi albarka. Shiga Kiyoshi ya gano ƙwayar atuni a 1897, gidanta kuwa har yau sunansa ya ke ɗauke da shi, Shigella. Noguchi Hideyo ma ya yi aiki a wurinsa kafin ya tafi Amurka. Shi ne ya zo Afirka ta Yamma yana binciken ciwon shawara, ya ziyarci Ikko, ciwon ya kama shi, ya mutu a Ankara ta ƙasar Gana a 1928. Shi ma ya raɗa wa wata ƙwaya suna yana zaton ita ke kawo shawara, ashe ba ita ba ce.

A 1914 gwamnati ta ɗauke ɗakin binciken daga ma'aikatar da ke lura da tsabta, ta mai da shi ƙarƙashin ma'aikatar ilmi, don ya shiga hannun Jami'ar Tokiyo, ba tare da an shawarce shi ba. Ya ajiye aiki. Almajiransa suka bi shi, ya kafa nasa wurin da kuɗinsa, wanda ya ke ɗauke da sunansa har yanzu. A 1917 ya karɓi shugabancin sabon sashen likita na Keio, don ya rama alherin Fukuzawa, wanda ya riga ya rasu tun 1901. Ya zama shugaban farko na ƙungiyar likitocin Japan, Sarkin Japan kuma ya ba shi sarauta a 1924. Bai manta da Koch ba, ya karɓi baƙuncinsa a Japan a 1908, da ya rasu a 1910 ya gina ɗan ɗaki na tunawa da shi a harabar wurin aikinsa. Kitasato ya rasu a gidansa a Tokiyo ran 13 ga Yuni, 1931, jini ya zuba masa a ƙwaƙwalwa. Nicolaier, saurayin nan da ya fara hangen ƙwayar, ya fi shi mugun ƙarshe. Bayahude ne, a 1942 da ya ji 'yan Hitila za su kwashe shi zuwa sansani, ya kashe kansa a Balin yana da shekara 80.

Makarin jinin doki ba ya daɗewa a jiki, 'yan makonni ne ya ƙare. A 1924 masana a Faransa suka sami hanyar kashe kaifin dafin ba tare da ɓata kamanninsa ba, don jiki ya koyi yin makarinsa da kansa. Ita ce allurar da a ke yi wa jarirai a mako na 6 da na 10 da na 14, da wadda a ke yi wa mata masu ciki. Ta matan nan ita ce na fi so mu riƙe, mu da za mu koyar a ƙauye. In an yanke cibiya da tsohuwar reza ko wuƙar da ta taɓa ƙasa, ko an shafa mata toka ko kashin shanu, kututturen cibiyar ya zama wurin da iska ba ta shiga. Jaririn ya kan kama nono lafiya kwana biyu uku, sa'an nan ya ƙi kamawa, ba don ba ya so ba, bakinsa ne ya kulle. Sau da yawa wajen kwana na bakwai abin ya kan bayyana, ana cikin shirin suna. In uwa ta yi allurar nan, makarin jininta ya kan wuce zuwa ga ɗan tun yana ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta jarirai 787,000 ciwon nan ya kashe a 1988, a 2018 kuwa wajen 25,000. Amma ba za a iya kawar da shi daga duniya kamar yadda aka kawar da agana ba, tun da gidansa ƙasa ce, ba jikin mutum ba. Wanda ya yi ciwon ya warke ma bai tsira ba, zai iya sake kamuwa in bai yi allura ba. In yaro ya taka ƙusa, a wanke wurin da ruwa mai tsabta da sabulu, kada a toshe shi da ƙasa ko tsumma, a kai shi asibiti ran nan, a kuma tambayi uwarsa katin rigakafinsa.

Wurin binciken da Kitasato ya kafa ya sake taɓa ƙasarmu ta wata hanya. Wani masaninsa, Omura Satoshi, ya samo wata ƙwaya a cikin ƙasar Japan, daga gare ta aka yi maganin nan Mectizan, wanda tun 1987 a ke bayarwa kyauta don ciwon makanta na bakin kogi, aka kuwa raba shi a ƙauyukan Arewa da yawa. Omura ya sami kyautar Nobel a 2015. A 2024 Japan ta sa hoton Kitasato a takardar kuɗinta ta yen 1,000, a gurbin hoton almajirinsa Noguchi. Cikin ƙwayoyin cutar da ya yi aiki a kansu babu wadda ke ɗauke da sunansa. A 1982 Omura da abokan aikinsa suka raɗa wa wani sabon gidan ƙwayoyin ƙasa sunansa, wanda a ke rubutawa Kitasatospora yanzu. 'Yan gidan nan kuwa ba sa gudun iska, da ita su ke rayuwa.